Ranar da Na Kama Wandona a Dam

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so: na sayar da jakina, na sayi kayan kamun kifi irin na Turawa, na shiga jirgi a dam ɗin Gusau, na fito ba kifi, ba wando. A gaban surukina.

Ni mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙin rijiya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani ƙasa da diga da igiya. Rijiya ta sha ruftawa da ni ina fita. Ta ƙarshe a Wonaka ce, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ƙasa ta binne ni har wuya, ƙafa ta karye. Da aka zaro ni na ce ni da rijiya har abada.

Jinya ta cinye rumbu. Surukina, Malam Barau na 'Yankuzo, ya zo Bungudu duba ni. Ya leƙa tukunya, ya dubi 'yarsa Hassi, ya ce ta ɗauko mayafinta. Bai ɗaga murya ba.

"Ba raba ku za ni yi ba," in ji shi. "Ran da nig ga sana'a ga hannunka da idona, ka zo ka ɗauki matakka."

Na ce to. Me zan ce?

Da ƙafa ta fara taka ƙasa na yi shawara mai kyau, ita kaɗai ce mai kyau a labarin nan. Na ja jakina zuwa kasuwar Tsafe na sayar, na shiga mota zuwa Gusau don in sayi kura da jarkoki in fara ga-ruwa. Sana'a ce mai tsabta. Ba wanda kura ta taɓa ruftawa da shi.

Hanyar masu kura ta bi ta gaban rumfar wani Alhaji mai kayan gwanjon Kwatano: tsofaffin rediyoyi, dutsen guga, agogon bango da ba ya tafiya. A jingine da bango akwai dogon kwali. A jikinsa hoton Bature ne tsaye cikin jirgi, ya rungumo kifin da ya kai shi tsawo, yana washe baki. Na tsaya kallo. Kallo kawai.

Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa. "Malam, wuce. Wanga ba irin naku ba na."

Wannan maganar ita ce ƙugiyar. Na haɗiye ta har ciki.

"Buɗe in gani," na ce.

Ya buɗe. Sanda ce doguwa mai lanƙwasa. A gindinta an ɗaura wani ƙarfe mai hannu kamar na keken ɗinki, shi ke naɗe zare. Zaren siriri, fari kamar gashin tsohuwa. Sai wani ƙarfe mai sheƙi kamar kan cokali, da ƙugiya mai baki uku a wutsiyarsa.

"Ina ake sa tana?"

"Tana!" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tana ta masu zaman bakin gulbi ta. Wanga ba a sa mai komi. Jirgi na tahiya, kana jan shi ta baya, yana walƙiya cikin ruwa. Babban kihi ya ɗauka ƙarami na ke gudu, ya biyo ya haɗiye. Kai kana zaune kamar hakimi. Giwan ruwa guda ya ishe ka cefanen wata."

"Ka taɓa gwadawa, Alhaji?"

"Ni? Ni da ruwa sai alwala."

Mai hankali a nan zai yi sallama. Ni na zaro kuɗin jaki. (Allah Ya jiƙan jakin nan in ya mutu. Ya fi ni tunani.)

A gida na ce bari in gwada kaya. Na maƙala ƙugiyar a dirkar rumfa, na ja da baya da ƙarfi. Sai ƙarfen ya yi ƙirrr, ya sako zare. Na sake ja. Ƙirrr. Na murɗa duk abin da ke murɗuwa a jikinsa, ya ci gaba da sakowa. Na ce Alhaji ya sayar mini da gurgu.

A nan sai a fahimce ni. A wurinmu igiyar da ke zamewa in ta ji nauyi sunanta ajali. Ubana bai taɓa shiga rijiya da igiyar da bai ja da hannunsa ba. Daga baya ne na ji cewa da gangan aka ƙera abin haka, ya riƙa sakin zare in an fizga, don kada zaren ya tsinke ko a fizgo mutum. Bature ya yi tunaninsa ya gama. Ni na gyara masa. Na kwance ƙarfen na jefa ƙarƙashin gado. Sandar kuwa kara ya fi ta ƙwari, na jingine ta. Zaren na musanya shi da igiyar leda mai kauri wadda ko bijimi ba zai tsinka ba. Abin da ya rage cikin kayan kwalin shi ne ƙarfen mai sheƙi.

Wato na sayar da jaki na sayi cokali.

A dam na sami Labbo, masunci mai jirgin katako da ɗan inji a baya. Ya juya cokalin a hannu, ya shinshina shi.

"Mai Rijiya, mi za ka yi da wanga? Kunu za ka ba su?"

Na yi masa bayanin Alhaji, har da hakimin. Ya ce shi dai in na kawo fetur zai tuƙa ni, ko don ya ga ƙarshen abin. Lokacin wahalar fetur ne, layi har ya fita gari. Na kwashe sauran kuɗin jaki na ba 'yan bumburutu suka cika mini galan. Sannan na yi abin da ya fi komai wauta: na aika wa Malam Barau cewa ya zo ya ga sana'a da idonsa.

Ya zo. Da hantsi, da farar babbar riga da rawani, ya sami inuwa a bakin ruwa ya zauna a kan buzunsa. Ba shi kaɗai ba ne. Labbo ya riga ya baza labari. Masunta sun bar gyaran komarsu, masu wanki sun bar duka, matan da ke sarin kifi sun ajiye kwanduna. Kowa ya zo ganin mai rijiya da zai kama giwan ruwa da cokali.

Na durƙusa daga nesa na gaida suruki, ido a ƙasa. Na tuɓe riga kamar yadda nake yi a bakin kowace rijiya. Na zagaya igiyar a ƙuguna, na haɗa ta da mazagin wando, na yi mata ƙullin da ubana ya koya mini, wanda nauyi ke ƙara wa ƙarfi.

Labbo ya tsaya da zuba fetur. "Kwance abin nan. Riƙe ta ga hannu, in ka ji ta yi nauyi ka saki."

"Saki?" na ce. "Mu wanda ya saki igiya jana'iza yake zuwa."

"Ka iya ruwa dai?"

"Tun ina yaro cikin ruwa nake aiki."

Gaskiya na faɗa. Ban dai ce masa ruwan bai taɓa wuce gwiwata ba.

Inji ya tashi. Na zauna a baya, na jefa cokali, igiya ta miƙe. Muka yi tsakiya, muka zagaya, muka sake zagayawa. Ko ɗan karfasa bai kula mu ba. Da na waiga sai na ga Malam Barau ya zama ɗan ɗigon fari can nesa. Na ce, wace riba ce in kama kifi inda ba zai gani ba?

"Labbo, bi ta gefe. Ta gabansu."

"Can akwai itatuwan da ruwa ya ci. Kututture na ko'ina."

"Fetur ɗina ne."

Ya ɗaga kafaɗa ya karkata jirgi. Da muka kusato mutane na miƙe tsaye. Na buɗe ƙafa, na riƙe ƙugu, daidai yadda Baturen kwali ya tsaya. Na ce wa Labbo ya ƙara wuta.

Sai na ji fizga. Ba irin wadda na taɓa ji ba. Igiya ta miƙe tana kuka, ƙuguna ya yi baya. Na buɗe baki iya ƙarfina:

"Giwan ruwa! Baba, giwan ru..."

Jirgi ya yi gaba. Ni ban bi shi ba.

Ban san yadda na shiga ruwan ba, masu wanki sun ce ƙafafuna ne suka shiga daga ƙarshe. Na sha, na taso, na sake sha. Mutumin da ƙasa ta binne har wuya bai yi kuka ba, ga shi yana kururuwa kamar akuya a hannun mahauci. Kuma abin da ke fita bakina shi ne abin da na saba faɗa daga ƙasan rijiya: "A ja! A ja igiya!" Wa zai ja? Ɗaya bakin igiyar yana wurin giwan ruwa, kuma a raina ya taho ya gama da ni.

Na kai hannu ga ƙulli. Ƙullin ubana. Ya ji nauyi, ya ji ruwa, ya zama dutse. Duk abin da na kawo dam ranar shi kaɗai ya yi aikinsa. Sai na tsuke ciki, na tura wandon ƙasa da igiyar gaba ɗaya, na zare ƙafafu kamar maciji mai saɓa. Na zaɓi rai.

Ina zarewa ƙafata ta taɓa laka. Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Na waiga bakin ruwa. Sannan wata tsohuwa mai sarin kifi ta ce, "Ikon Allah, ya tsira!" Wurin ya fashe. Wani mai wanki ya faɗi kan kayan mutane yana dukan ƙasa. Labbo ya kewayo da jirgi, hawaye na zubo masa, ya kasa kashe inji. Ya bi igiyar da hannu har inda ta maƙale. Kututturen ɗorawa ne, ƙugiyar ta shige shi baki ukun duka. Ya ɗago igiyar sama, ga wandona yana reto yana ɗigar ruwa.

"Jama'a, ga kamu!" in ji shi. "Wa ka saye? Sabo na, yanzu ya fito!"

"Namiji na ko mace?" wata ta tambaya daga baki.

Wandon bai kwantu ba, sai da aka sa wuƙa, ita kuma ta raba shi biyu. Ni dai na tsuguna cikin ruwa har wuya. Na yi niyyar zama a nan har magariba, ko har damina.

Malam Barau bai yi dariya ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe, ya juya wa ruwa baya, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Labbo ba tare da ya waiga ba. Haka na fito, cikin rigar surukina, laka har gwiwa, ina jan ƙafar da ta karye. Na durƙusa a bayansa.

"Baba, sannu da zuwa." (Na riga na gaishe shi da safe. Ban sami wata magana ba ne.)

Ya daɗe yana naɗe buzu.

"Ita ce sana'ar?"

"Ita ce, Baba."

"Ina jakin?"

Na nuna kututture.

Ya girgiza kai a hankali. Na ce shi ke nan, Hassi ta zama 'yar 'Yankuzo.

"Gobe ka zo ka ɗauki matakka," in ji shi.

Na ɗago kai, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Kada ka ɗauka sana'a nig gani. Ban ga komi ba, kuma na gode Allah da ban gani ba. Amma mutum irinka ba a barin shi shi kaɗai cikin gida. In ta ƙara wata guda wurina, jirgin sama za ka sawo." Ya saɓa buzu. "Ka wanke rigar kahin ka maido."

Na wanke. Na kai da kaina, na dawo da Hassi da buhun gero da ya ce na 'yarsa ne, ba nawa ba. A mota, da muka wuce Gusau, ta tambaye ni ko zan biya kasuwa tela ya auna ni ya ɗinka mini wando. Labari ya riga ni isa.

Abin da na koya bai da yawa. Ba duk igiyar da ke sakin jiki ce lalatacciya ba. Kuma in za ka gwada abin da ka gani a jikin kwali, ka fara gwadawa inda ba kowa, ka bar surukinka a garinsu.

Sandar tana nan, Hassi na kaɗo mangwaro da ita. Ƙarfen naɗe zaren yana ƙarƙashin gado, lafiyarsa lau. Cokalin yana jikin kututture, in ruwa bai ci shi ba.

Ni ina Bungudu. Na koma rijiya, yasa nake yi da gyaran baki. Har yau in na shiga kasuwa wani zai ce, "Giwan Ruwa, ina kwana?" Ina amsawa. Ruwan da nake shiga yanzu yana da bango ta kowane gefe, da mutum a sama riƙe da igiya.