Fom Ɗin Rumfa da Akwatin da Ya Ƙi Hoton Adama

Ranar Litinin na fita da niyyar shan shayi, na ƙare da wuni a shagon kwamfutar Mu'minat, bayan tashar motocin Maraɗi. Laifina ɗaya: an san ina rubutu a jarida, don haka duk takardar da ta gagari unguwa ni ake kawo wa.

Maƙwabciyata Adama ce ta ja ni can. Shekara ashirin da biyu tana suyar kifi a gindin darbejiyar bakin tasha, da kaskon nan take riƙe da gida tun rasuwar mijinta. Bana aka ce za a gyara wurin a gina rumfuna, wanda bai samu rumfa ba ya kwashe kayansa. Aka kafa kwamiti. Kwamitin nan, Allah ya ƙara masa basira, ya ce an wuce zamanin biro. Fom za a cike a kwamfuta, a saka hoto a ciki, a tura kafin Alhamis.

Fom ɗin kuwa a kulle yake. An bar 'yan gurabe inda za ka rubuta suna da sana'a, sauran ko wasali ba ka isa ka taɓa ba. A sama ga akwati an rubuta "Saka hotonka a nan", a ƙasa ga gargaɗi da jan rubutu cewa fom marar hoto ba za a duba shi ba. Mu'minat ta kai hannu kan maɓallin saka hoto, ga shi nan ya dusashe, ba ya dannuwa. Ta kwafo hoton ta liƙa, ya ƙi. Ta jawo shi ta ajiye a kan akwatin, ya koma inda ya fito.

"Malam, wanga abu sai da lambar sirri," in ji ta. "Wanda ya rufe shi kaɗai ka iya buɗe shi."

Adama dai na zaune a benci da sabon mayafinta, wanda ta yafa musamman don ɗaukar hoton. Ta ce, "Ko hoton ne bai yi kyau ba? A sake mani."

Wallahi maganar nan ta sosa min rai.

Mu'minat ba ta da kasala. Ta buga fom ɗin a takarda, ta manna hoton da gam, muka kai. Aka ce ba a karɓar takarda. Ta zauna ta sake tsara fom ɗin layi-layi, hoto ya shiga tsaf, muka tura. Aka ce jabu ne, har da jan kunnen kada mu kuma.

Ranar Laraba na sa babbar riga na je gaishe da Mai Girma Sakataren kwamiti, Sarkin Makullan Kan Iyaka, wanda fankarsa kaɗai ke juyawa a duk ginin. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, akwatin hoto ba ya karɓar hoto."

Ya ce, "An kulle shi ne don tsaro. Kada wani ya yi mana coge."

"To, lambar buɗewa fa?"

"Tana wurin ƙwararren da ya tsara mana."

"Yana ina?"

"Ya gama aikinsa ya tafi."

Ya faɗi haka da alfahari, har yana gyara hula. Ni kuma na yaba masa, don gaskiya ban taɓa ganin tsaro irin wannan ba. An tsare fom ɗin daga ɓarayi, an tsare shi daga masu gaskiya, an tsare shi daga duk wanda aka yi shi dominsa. An yi taron ƙaddamarwa da rumfa da kujerun haya da shinkafa, amma cikin manyan da suka yi jawabi ba wanda ya zauna minti biyu ya gwada saka hoton ko da akuya.

Da na ba Badamasi direba labari, dariya ya yi har da buga sitiyari. "Kai dai Malam ba ka san gari ba. Ɗiyan 'yar'uwar shugaban kwamiti su ukku na ɗauko jiya daga Daddara, kowa da dosiye nai na takardu, hoto zaune daram cikin akwati. Mi kake tsammani? Wanda aka ba su ba a kulle shike ba."

Ashe ƙwararren bai tafi da lambar duka ba, ya bar wa dangi ragowa.

Haka muka tura fom ɗin ba hoto. Ranar Asabar aka liƙa sunaye. Rumfa arba'in, kuma a cikin masu sana'ar bakin tasha da na sani, ko mutum biyar ban gani ba. Sunan Adama na ɗaya takardar, ta waɗanda ba su samu ba, an rubuta a gabansa: "Babu hoto, ba a tantance ko wace ce ba."

Jiya da hantsi Mai Girma Sakatare ya zo da kansa duba inda za a fara haƙa. Ya tsaya a gaban kaskon Adama, ya ce, "Adama, sai haƙuri, kwana bakwai gare ki. Ɗan sa mani na wajen wutsiya, kin san yadda nike so."

Ta zuba masa, har da yaji. Ta ce, "Ashe ka gane ni, Alhaji."

Ya ci gaba da tauna, bakinsa cike. Ni dai na shaida ikon Allah: ba hoto, ba fom, mutumin nan ya tantance ta daga nesa, da ƙamshi kawai.