Nomau da Burtun Gandun Daji

A wani ƙauye da ke bakin gandun daji akwai wani mutum ana ce masa Nomau, yana zaune da matarsa Tabawa da 'ya'yansu. Nomau ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai yi, ba ƙari ba ragi. Shekarar da giwaye suka cinye masa dawa, rumbu ya tashi fayau, Tabawa ta je ta yi ta roƙon shugaban masu gadin daji har ya ɗauke shi aikin ɗaukar kayan baƙi. Aka haɗa shi da Malam Isiyaku, wani mai ɗaukar hoton tsuntsaye da ya zo daga birni.

Wata rana suka laɓe a bakin tafki suna jiran gauraka. Malam Isiyaku ya ce, "Ko me ka gani, kada ka motsa, kada ka yi magana." Can sai ga wani gwaggon biri, ya buɗe jakar Malam, ya cinye burodi, ya rataya madubin hangen nesa ya haye bishiya abinsa. Nomau na kallo, ko ƙifta ido bai yi ba. Da Malam ya waiwaya sai ya dafe kai. "Kana gani ka yi shiru?" Nomau ya ce, "Wallahi Malam, har ƙafata ya taka, na daure."

Wata rana kuma Malam ya sake dabara. Ya ce, "Yau duk abin da ka gani, ka sanar da ni nan take." Suka yi sa'a gaurakin suka sauka kusa, Malam ya saita kyamara yana ɗauke numfashi. Sai Nomau ya miƙe tsaye ya kwarma ihu, "Malam, ga su nan!" Tsuntsaye suka watse, ko gashi ɗaya bai shiga hoto ba. Shugaban gadi ya kira Nomau ya ce idan aka sake kawo ƙararsa, to ya koma gida. Ranar Tabawa ta yi kuka sosai, don ta san babu abin da za su ɗora a wuta idan aikin ya tafi.

Wata rana, ana gobe Malam zai koma, suka hango kan burtu yana sama yana ƙasa a cikin doguwar ciyawa, kusa da garken barewa. Burtu kuwa shi ne tsuntsun da Malam ya fi nema, ga shi batirin kyamararsa ya mutu. Ya ce da raɗa, "Zan je mota in dawo. Kada ka bari ya tafi." Nomau ya ga hanya ɗaya ce ta hana tsuntsu tafiya. Ya lallaɓa ta baya, ya daka tsalle ya danne shi.

Malam ya jiyo kokawa, ya rugo da masu gadi yana cewa shi kenan, wawan nan ya kashe masa tsuntsu. Suka tarar da Nomau zaune daram a bayan wani ƙato, bindiga yashe a gefe. Ashe maharbi ne ya sato hanya, ya ɗaura kan burtu na itace a goshi yana rarrafe, yadda maharba ke yi don namun daji su sake da su.

Nomau ya ce, "Malam, ɗauki hoton maza, yana ta mutsu-mutsu."

Da yamma ya shiga gida sanye da kakin masu gadi, don shugabansu ya mai da shi mai gadi saboda kama maharbin. Tabawa ta rangaɗa guɗa, ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Ni ma ban gane ba. Amma burtun nan ya ban tausayi, Tabawa. Ya ce min shi ma iyali gare shi."