Ranar da Na Ari Tsuma a Jibiya

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so in manta, sauran tsarana da suka rage a Jibiya ba za su bar ni ba) da wata Lahadi ta kaka, zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ina wajen shekara goma sha huɗu ko sha biyar, muryata ta fara fashewa, ta rasa ko ta yara za ta bi ko ta manya. A lokacin wata tambaya ce ta hana ni sakat: shin ni wane kiɗa ne nawa?

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A da kowane gida da sana'arsa, kowace sana'a da kiɗanta, kuma ɗan gado in ya ji taken gidansu sai jikinsa ya ɗauki rawa ba da izininsa ba. Shi ake kira tsuma. Abokina Mati ɗan maƙera ne. Ranar da aka kaɗa dundufa a bikin yayarsa, ina kallo yaron da muke ɓarar gyaɗa tare idanunsa suka juye, ya kai hannu wuta ya ɗauko garwashi, sai da maza suka rirriƙe shi. Ɗan'asabe kuma ɗan mahauta ne, kalangu na tashi tsikar jikinsa ke tashi. Hatta 'ya'yan manoman Daddara, a kaɗa musu gangar noma ka ga sun shiga kunyoyin gona kamar ba za su fito ba. Ni fa? Baba tela ne. Kekensa yana wata rumfa a bakin hanyar Maraɗi, inda motocin gyaɗa ke wucewa, kuma ban taɓa jin an ce ga kiɗan teloli ba.

Sai na shiga bincike. Duk inda na ji kiɗa sai in je in tsaya, in rufe ido, ina sauraren jikina kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Na tambayi Mati, "Wai daga ina abin ke farowa?"

Ya ce, "Daga ƙeya. Kamar an kwara maka ruwan randa. Daga nan ba ka san inda kake ba."

Na je gaban dundufa na saki ƙeyata, shiru. Na je gaban kalangu, abin da na ji kawai yunwa ce (laifina ne, kusa da tukubar tsire na tsaya). Abin da ke motsi a jikina yatsuna ne kurum, su kuwa ban sa su a lissafi ba, don tun ina ƙarami ba sa zama wuri ɗaya. Ƙwarya, ƙyauren ɗaki, gwiwata, teburin keken Baba, duk sun sha ƙwanƙwasa. Na ƙarshen nan ya sha ja mini. Baba mutum ne mai sanyi, bai cika duka ba, amma da ya ji yatsuna a kan tebur sai ya make mini hannu ya ce, "Bari wannan ɗabi'a." In kuwa makaɗa sun biyo ta bakin rumfa, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara wa keke wuta har su yi nisa. Na ɗauka tsananin son addini ne.

Wata rana na yi ta maza na ce, "Baba, mu mine ne kiɗanmu?"

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Miƙo mini almakashi."

Na koma wajen Kaka, mahaifiyarsa, wadda muke wasan jika da kaka har take ce mini mai gida. "Kaka, wai mi kakana yake yi?"

"Mutuwa ya yi," in ji ta, tana kaɗa mazari. "Kai miji na aura ko alƙali?"

A dandali kuwa Ɗan'asabe ya samu abin yi. Kullum sai ya ce jikin ɗan tela buhun gyaɗa ne, a kaɗa a kaɗa ba ya ji. Samari su yi dariya, ni ma in yi, amma maganar tana ci mini rai ƙwarai, don a ganina na lokacin wanda ba shi da kiɗa ba shi da asali.

To, kun san kan yaro in ya rasa amsa, ƙera ta yake yi. Na zauna na auna. Ana ɓoye mini sana'ar kakana, ke nan abu ne mai haɗari. Baba ba ya son jin ganga, ke nan tsoro yake kada ta tayar masa. Ni kuma allura ta sha soke ni a rumfa, jinin da ke fita bai taka kara ya karya ba. Na haɗa wannan da wancan, sai ga amsa ta fito fes: mu 'yan tauri ne, mutanen da ƙarfe ba ya ci. Matsalar kawai ban taɓa tsayawa gaban gangarsu ba. Na kwana biyu ina tafiya ina buɗe hammata.

Lahadin nan, ranar kasuwa, sai ga 'yan tauri sun zo wasa, wasu daga Riko wasu daga ƙetaren iyaka. Aka yi da'ira a filin da ke bayan kasuwa wajen hanyar Maraɗi. Fatake sun ɗaure jakunansu, 'yan kamashon mota sun bar motocinsu, mata masu nono sun sauke ƙore. Na kutsa har sahun gaba, Mati da Ɗan'asabe suna bayana. Makaɗin wani tsoho ne siriri da ake kira Bawa. A tsakiyar fili kuma wani ƙato daga Riko, Gagare ake ce masa, yana kirari yana goga wuƙa a cikinsa kamar mai wasa ta a dutse.

Na rufe ido na saki ƙeya. Gaskiya kiɗan ya yi mini daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba. Amma ruwan randa bai zubo ba. Na jira, na ƙara jira. Sai na ji muryar Ɗan'asabe a kunnena, "Buhu, ka ji wani abu?"

A nan shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce a raina wataƙila tsuma kamar motar gyaɗa take, sai an tura take tashi. Bari in ɗan fara mata, in ya so ta karɓa. Na fara da kafaɗa. Na ƙara da gwiwa. Na juya idanu yadda na ga Mati ya yi (har na ga jiri na gaske, na ce alhamdu lillahi, ta fara zuwa). Na yi wani gurnani da muryar nan tawa mai fashewa, ya fito kamar ɗan akuya ya shaƙe. Kafin in ankara mutane sun dare, wata mata ta rangaɗa guɗa, ga ni a tsakiyar fili.

Ta gefen ido na lura Bawa makaɗi yana kallona, amma ba fuskata yake kallo ba, hannuna na dama yake kallo. Ya sauya kiɗa, ya sake sauyawa, ya rage, ya ƙara. Na ce lalle tsohon nan ya gane jinin gida. Sai ya yafuto Gagare ya raɗa masa wata magana, su biyu suka yi murmushi.

Gagare ya tako ya tsaya a kaina. Warin magani da gumi ya cika mini hanci. Ya ɗaga murya don kowa ya ji, "Jama'a, ga ɗanmu ya dawo gida! Ɗan tauri ba a tambaya tai, ƙarfe ka tambaya tai." Ya kama dantsena na hagu da hannu ɗaya, ya ɗaga wuƙar sama rana ta haska ta.

Karambanin akuya, gai da kura. A daidai nan tsumar da na yi wata da watanni ina nema ta zo, ta gaske, tun daga ƙeya har tafin ƙafa, sai dai ba irin ta Mati ba ce. Na ji sanyin ƙarfe ya sauka a fatata, an ja shi. Na kurma ihu, "Wayyo Inna! Ya yanke ni! Ni ɗan tela ne, wallahi ɗan tela ne!" Na fizge, na bi ta tsakanin ƙafafun wani bafatake, na ture ƙwaryar nonon baiwar Allah, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ban zaɓi hanya ba, hanya ce ta zaɓe ni, ita ce kuwa ta Maraɗi. Ina gudu ina riƙe da dantse don kada jinina ya ƙare. Ban san tsawon gudun da na yi ba, na dai tuna na iso sandar da 'yan kwastan ke gittawa a hanya, na duƙa na wuce ta ƙarƙashinta. Wani ɗan kwastan ya taso yana ihu, "Kai yaro, mi ka ɗauko?" Ya zaci fasa-ƙwauri nake yi, da rana tsaka, ba riga a kafaɗa ɗaya.

Wani dattijo mutumin Maraɗi, yana tafe bisa jaki da kayan kanwa, shi ya tare ni. "Tsaya, ɗan ga! Gaba kaɗan ƙasar Faranshi ce, 'yan duwan, kwastan ɗinsu, na nan, in sunka kama ka mi za ka ce musu? Wa ya koro ka?"

Na ce an yanke ni. Ya sauko ya ɓanɓare yatsuna daga dantsen da ƙyar. Muka duba tare. Ya juya hannun, ya sake juyawa, ya ce, "Ko ɗayan hannun ne?" Ko ƙwarzane babu. Ashe da bayan wuƙa Gagare ya goga mini.

Kunya ba ta kashe mutum, na tabbatar ranar. Dattijon ya ɗora ni bayan jakinsa a kan kanwa, muka sake wuce sandar, ɗan kwastan yana dariya har hularsa ta faɗi. Haka muka ratsa kasuwa. Kafin mu kai gida Ɗan'asabe ya riga ya raɗa mini suna, Tauri na Faranshi, kuma har jikokinsa da shi suka san ni.

Na shige ɗakin Kaka na kifa ciki a gadonta na kara. Ta bar ni na yi kukana, sa'an nan ta miƙo mini fura ta ce, "Tashi, mai gida. Ai ba ka ɓata hanya ba, gida ka nuhwa."

Na ɗago.

"Matan da sunka je kasuwa sun hwaɗa mini abin da Bawa ya ce ma ƙaton nan, shi ƙaton ya tona bayan ka gudu. Cewa ya yi, yaron ga ba tsuma yake ba, ƙarya yake, amma dubi yatsunsa. Duk inda ya juya kiɗa, yatsunka na bisa cinyarka suna biye da shi, ba ka ɓata ko ɗaya ba." Ta ajiye ludayi. "Kakanka makaɗi ne, can wani ƙauye bayan Maraɗi. Shi ka sa maza tsuma. Ka taɓa ganin mai ganga ya hwaɗi yana birgima? In ya tsuma wa zai kaɗa?"

Sai ta ba ni sauran labarin a gajarce. Baba ya tashi da ganga a kafaɗa, an ce ma ya fi kakana hannu. Amma ya gaji da a ce masa maroƙi, a jefa masa kyauta a ƙasa, manya su ci abinci shi yana tsugune a bakin zaure. Ya bar gangar a can, ya ƙetaro Jibiya ya koyi ɗinki, don kada a kira 'ya'yansa da sunan da aka kira shi. Wata irin kunya ta sake rufe ni, wadda ta fi ta kasuwa nauyi, da na tuna yadda na tsaya gaban gari ina ihun ni ɗan tela ne don in tsira, alhali jiya-jiya kunyar faɗin haka nake ji.

Washegari na je rumfa ina jiran hukunci. Sai kawai Baba ya miƙo mini wata taguwa in yi mata ƙarin maɓalli. Muka yi ta aiki. Can hankalina ya tafi, ashe yatsuna sun hau tebur, suna maimaita kiɗan jiya. Keke ya tsaya. Na janye hannu da sauri na runtse ido.

Dukan bai zo ba. Sai na ji ya ce, "Ka cika gaggawa. Wurin juyawar nan ba haka take ba."

Ya leƙa hanya, dama da hagu. Ya sa yatsu biyu a gefen tebur ya kaɗa taken nan na 'yan tauri daga farko har ƙarshe, a hankali, sau ɗaya tak. Wallahi sai da na ji wani abu ya tsarga mini daga ƙeya. Ya mayar da ƙafa kan keke ya ce, "Maɓallin nan ya karkace, kwance shi."

Ban zama makaɗi ba, tela na zama, kuma ban yi nadama ba. Amma tun daga ranar na daina leƙa jikin mutane ina neman kaina. Zanen aro ba ya rufe katara, mu teloli mun fi kowa sani. Yanzu in na ga jikana yana kwaikwayon tafiyar wani, nakan ce masa ya fara duba abin da hannunsa ke yi in ba kowa ke kallo ba. In bai ji ba, hanyar Maraɗi tana nan, sai dai yanzu ba lalle ya samu mai jakin da zai dawo da shi ba.