Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Mata Manoman Gyaɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kwance a ƙarƙashinsa, Malama Furera, tsohuwar shugabar makaranta kuma sakatariyar ƙungiyar mata manoman gyaɗa a ƙasar Ɗanbatta, tana sanar da rasuwar kwamfutar ƙungiya, wadda ake kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu tana hidima.

Marigayiyar ba ta san gaggawa ba. Sai ta yi "ƙirrr", ta yi tari, kana ta buɗe ido. Ita ke aika wa kamfanin iri da taki sunayen mata, kowane suna a ɗaure tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa, yadda injin kamfani zai gane. A ƙarshe tana da gurbin ƙarin bayani, inda aka rubuta irin su: Huseina, mijinta ya rasu, gonar na sunansa, ita ke nomawa.

Bana, da taki ya gagari kowa, kamfani ya sauya tsarin XML ɗinsa, wato tsarin alamomin nan na ɗaure suna, babu wannan gurbi. Fayil ɗin sunayen da aka aika ya dawo sau uku. Aka ce sabon ya fi tsafta. Malama, wadda shekara talatin ba ta karɓi "an ce" a ajinta ba, ranar ta karɓa. Gwaggo ta yi "ɗin, ɗin", kukan da take yi in za a share abu. Malama ta danna, gurbin bayanin ya goge. Fayil ya wuce. Kamfani ya ga sunaye ba su dace da takardun gona ba, ya zubar da zawarawa goma sha ɗaya.

Garin gaggawar ceto tsohon kwafi Malama, ganin ba wuta, ta jona Gwaggo da janareton mai niƙa, alhali Nababa mai gyara ya sha hana ta. Cewa take kayansa yake talla. Hayaƙi ɗaya Gwaggo ta yi.

Ta bar kibod mai giɓi, da firinta makauniya, da mata goma sha ɗaya ba iri, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Za a yi jana'iza Alhamis bayan la'asar, a gindin marken bayan ofis. Kada a kawo goro. Kowace bazawara ta zo da maƙwabtan gonarta biyu; Malama za ta rubuta shaidarsu da hannu, ta kai kamfani da ƙafarta kafin a rufe rajista ranar Litinin.

Buhun irin da Huseina ta tsinta a zaurenta kuwa, ana roƙon ta daina cigiyar mai shi; wadda ta danna ta san da zamansa.