Ranar da Na Kulle Kawu a Sito

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na dawo daga karatun kwamfuta kaina na hayaƙi, na haɗa wa Kawu Sule makulli mai aiki da zanen yatsa a siton riɗinsa na Maigatari. Ya ce in ya yi kyau, duk 'yan layinsu ni za su ba aikin.

Ƙwaƙwalwar na'urar kashi biyu ce. Akwai cikin gida mai tsaro, inda zanen yatsa yake, akwai zaure, inda sauran manhaja take. Na zaure ba ya kutsawa ciki. Sai dai ya aika alama ta katse wa na ciki aikinsa, kamar sallama, shi kuma ya amsa, ya goge alamar. Ni gwani, na ga abin yana jinkiri, sai na cire layin da ke gogewar. (Layi ɗaya tak, ku ji ɗanyen kai.) Na gwada sau ɗaya, na kashe, na ce ya zauna.

Kawu ya tara abokansa, ya shiga ciki, ya ce in kulle sannan in buɗe su gani. Kullewa lafiya lau. Buɗewa fa? Na ciki yana gama amsawa sai ya tarar alamar tana nan, ya ɗauka sabuwar sallama ce, ya sake amsawa. Haka ya yi ta yi, ko kallon yatsana bai yi ba. Batirin kuma yana ciki tare da Kawu, wai dabarata ce don kada ɓarawo ya cire.

Rana ta take, rufin kwano. Direban da ya zo lodi daga Damagaram yana ta zuba ham, ni ina zagin na'urar kamar wani ne ya haɗa ta. Can na ji muryar Kawu ta bayan ƙofa:

"Yaro, karatun ya isa haka. Kira mai walda."

Aka yanka ƙofar, ya fito jiƙe sharkaf. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Kwaɗo ya aika aka sayo, ya kulle a gabana, 'yan layi suka watse suna dariya, aikin ya bi ruwa.

Abin da na koya: in za ka gwada makulli, bar mai ba ka aiki a waje.