An Buɗe Ɗakin Kwantar da Hankali da Jiniya

Jama'a, jiya na yar da takalmina ƙafa ɗaya, kuma a wajen taron kwantar da hankali na yar da shi.

Kawuna na raka. Wata bakwai ke nan da ya tsero daga garinsu daga shi sai rigar jikinsa, ya sauka a sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan layinmu. Mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ashe akwai ɗaki a sansanin, har da ma'aikaciyar da aka horar don ta saurari irinsu Kawu. Wata huɗu ɗakin yana garƙame. Na tambayi mai gadi dalili.

"Ba a ƙaddamar ba," in ji shi. "Sai Mai Girma ya zo ya yanka ƙyalle."

"To damuwar mutane fa?"

"Ita ma ta jira mana. Ta fi shi ne?"

Jiya dai Allah ya yi. Da ƙyar na lallaɓo Kawu muka zauna a sahun gaba. Sai ga Mai Girma Uban Masu Firgita, Allah ya ƙara masa tausayi, da motoci goma sha ɗaya, kowacce tana kwarara jiniya. Don nuna murna kuma, wani mai basira ya sa aka fasa balan-balan ɗari a lokaci guda. A gaban mutanen da ƙarar bindiga ta raba da gidajensu!

Kafin almakashi ya taɓa ƙyalle, fili ya yi wayam. Ni kaina da ban taɓa gudun hijira ba, sai a bayan tankin ruwa na tsinci kaina. Mai Girma ya dubi kujeru babu kowa, ya shaida wa 'yan jarida cewa an samu sauƙi, tunda ga shi babu mai neman taimako. 'Yan rakiya suka tafa.

Na shiga neman Kawu hankalina a tashe. Ashe ta ƙarƙashin ƙyallen ya bi ya faɗa sabon ɗakin. A ƙarƙashin tebur na hango shi tare da ma'aikaciyar, ita ma nan ta ɓuya.

"Baba, wallahi ni ma na tsorata," na ji ta ce.

"Haba 'yata, wannan ai wasa ne," in ji Kawu. "Ranar da suka shigo mana, ina cikin ba awakina ruwa..."

Na ja musu ƙofa a hankali, na zauna a waje ina share hawaye. Awa biyu cur yana magana.

Saboda haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, mun gode. In za a sake ƙaddamar da wani abu, a bar jiniya a gida, a ƙaro mana tebura. Wanda ya tsinci takalmin hagu kuma ya kai shi ɗakin nan, don Kawu da bakinsa ya ce gobe in sake raka shi.