Kyautar da ta tayar wa Mbok sukari

Yau tun ƙarfe bakwai na safe ina kan benci a ƙaramin asibitin garinmu, ni da Mbok, mahaifiyata. Sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Nas ta soki yatsarta, ta dubi na'ura, ta harare ni kamar ni na yi aika-aikar, ta ce sukari ya hau. Shekarar Mbok tamanin da uku. Matar da kwanan baya take hawa tudun bayan gari ta yanko wa awaki ciyawa, yanzu in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ga ƙishirwa ba ta barinta.

Kada mai karatu ya ce sakacina ne. Taimako aka yi mana.

Wata biyu ke nan manyanmu, Allah ya ƙara musu kujeru masu laushi, suka shirya gasar tsoho mafi lafiya a yankinmu. An kafa rumfa, an ɗinka riguna iri ɗaya, an zaunar da tsofaffi awa uku ana jiran Mai Girma Uban Lafiyar Dattawa. Ina jin jiran nan shi ne zagayen farko na gasar. Aka auna su, aka sa su tafiya, Mbok ta zo ta ɗaya.

Mai Girma ya miƙa mata abin magana ya ce ta faɗa wa duniya sirrinta.

"Ranka ya daɗe, ai abin da kowa ke ci ne," in ji ta. "Miyar zogale, dafaffen ganyen rogo, tempe na waken suya, ƙananan kifi, shinkafa kaɗan. Da safe ruwan kurkum da tsamiya."

Ya yi tafi. Ya shafe minti arba'in yana yabon abincin kakanni, har muryarsa na rawa. Sannan aka kawo kyauta: katan guda kowane wata har shekara. Biskit mai sukari, madarar gwangwani mai kauri, taliyar leda, garin lemo. Ga hotonsa a jikin katan yana murmushi. Irin wannan basira ba a kowane kai ake samunta ba.

To mu mutanen tsibirin Jawa kun san halinmu. Abin da babba ya miƙa maka da hannu biyu a gaban jama'a, ba a mayarwa, ba a zubarwa, ba a bayarwa. Mbok ta ɗauki cin katan nan kamar aikin da aka ɗora mata. Matata Sarmi ta dafa zogale, Mbok ta ture kwanon.

"Bari in rage na Mai Girma tukuna, kada na wata mai zuwa ya tarar da shi."

"Mbok, daɗi yake miki?"

"Kai Kasno, wa ya yi maganar daɗi? Kamar ana cin katifa. Amma mutum ya yi maka alheri sai ka watsa masa ƙasa a ido?"

Yau da nas ta ce ta daina taɓa zaƙi, Mbok ta ce to, cikin ladabi. Muna hawa babur ta raɗa mini: "Yarinyar nan da Mai Girma wa ya fi sani? Ita ko hotonta babu a jikin komai."

Na sauke ta a gida na wuce ofishin Mai Girma in roƙa a tsayar da kyautar. Wani mai hula a tsaye ya saurare ni yana latsa waya. Ya ce kyauta ba ta tsayuwa, don an riga an rubuta a rahoto cewa lafiyar dattawa ta inganta. Ya ce in ma yi murna, an tura sunan Mbok gasar lardi, can kyautar ta shekara biyu ce. Na yi godiya. Na fito. Ni da nake fama da 'ya'ya uku, Mbok ce ke riƙe mini gida da ƙarfinta in ni da Sarmi muna gona. In ta kwanta, ban san inda zan sa kaina ba. Kuma ita kaɗai ce uwata.

Na tarar da maƙwabcina Pak Wagiran a bakin shinge yana gyaran kejin tsuntsunsa. Na zayyana masa komai.

"Kai dai karatunka bai yi maka rana ba," ya ce. "In baƙo ya zo gidanku, me Mbok take ba shi?"

"Abin da ya fi daraja a gidan."

"Me ya fi daraja a gidan yanzu?"

Na tsaya ina kallonsa.

"Rufe baki, ƙuda zai shiga. Je ka shimfiɗa tabarmi, ni zan kira maƙwabta."

Bayan la'asar mutum goma sha tara suka zo gaishe da gwarzuwar yanki. Mbok ta rasa inda za ta sa kanta don farin ciki. Da hannunta ta farke ledoji, ta fasa gwangwanaye, tana cewa, "Ku ci, ku ci, na Mai Girma ne, ba na kasuwa ba." Pak Wagiran shi kaɗai ya tashi da taliya uku, yana cewa sadaukarwa yake yi saboda maƙwabtaka. Kafin magariba babu abin da ya rage sai katan da murmushin da ke jikinsa. Mbok ta leƙa ciki, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce da Sarmi, "To, an fita kunya. Akwai sauran miyar nan?" Kwano biyu ta ci.

Katan na gaba zai iso farkon wata, kuma ƙofarmu a buɗe take ga duk mai sauran haƙora. Na so in gayyaci Mai Girma da kansa mu fara zuba masa, amma direbansa ya ce kada in wahalar da kaina. Tun bara likita ya hana shi zaƙi.